Tabar MaZikhali

Sunan da uwarta ta sa mata Dumazile, amma tun ranar da aka kawo ta gidan Ngubane ba wanda ya sake kiranta da shi. Ta zama MaZikhali, wato 'yar gidan Zikhali, saboda a wajenmu haka muke kiran matar aure, da sunan gidan ubanta, ko da ta yi furfura a gidan miji. Gidanta ne na ƙarshe a kan hanyar tafki, daga shi sai kurmi. Ɗaki biyu ne na kara da jinka, ɗaya ma ya daɗe da zama na kaji.

A ƙasar nan ta yashi, daga garin Manguzi har bakin teku, in tsofaffi suka ce tabar hanci, ta MaZikhali suke nufi. Wurin surukarta ta koya, tsohuwa mai faɗa wadda ba ta taɓa cewa an yi daidai ba har ta mutu. Ganyen taba kowa yana da shi a bayan ɗakinsa, kowa kuma ya iya shanya shi. Bambancin a toka yake. Mu ba kanwa muke sa wa taba ba, tokar kabar giwa muke sawa, kuma yawancin mata ƙaramar nan ta ƙasa suke ƙonawa. Surukar MaZikhali ta raina wannan. Ita tokar inkalane take sawa.

Inkalane dangin kabar giwa ne, ganye mai kauri, ƙayoyi a gefe, ruwansa ɗaci. Sai dai shi bai yarda ya zauna a ƙasa kamar danginsa ba. Yakan miƙe ya yi jiki mai santsi, fari-fari, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, har ya bar rufin ɗaki can ƙasa, a ƙarshen kowane reshe ga damin ganye a buɗe. Gidansa na ainihi cikin kurmin da ke kan tuddan yashi na bakin teku ne, nesa da mu. Amma akwai guda ɗaya a kufan gidan surukar, ɗan taƙi kaɗan a bayan gidan MaZikhali, ba wanda ya san wanda ya dasa shi. Ganyen da ya mutu a jikin itacen, ya bushe can sama, ya faɗo don kansa, shi ake nema. Wanda aka yanka ɗanye aka shanya, tokarsa baƙa ce, ba kaifi sai ƙauri. MaZikhali takan tsinto busassun, ta ƙona su a kan tsohon kwano har su yi fari, ta tankaɗe, sannan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta niƙa su da taba a kaskon yumɓu da guntuwar taɓarya, tunda ƙasarmu ko dutsen jifan kare babu, balle na niƙa.

Mijinta Falaza ya tafi haƙar zinariya can birnin Goli kamar sauran maza. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da bargo, da takalmi, da harshen Zulu a bakinsa. Haka abin yake a lokacin: maza su yi Zulanci don a ɗauke su aiki, su dawo su ci gaba da yi a gida don a san sun ga duniya, mata kuma su riƙe Tonganci, harshen da aka yi wa kowa rarrashi da shi yana goye. Miji ya yi tambaya da wannan, mata ta amsa da wancan, a haka ake zaman aure har a tsufa. Na MaZikhali bai kai ga tsufa ba. 'Yarsu Tholakele tana koyon tafiya aka aiko cewa rami ya rufta da Falaza.

Da ta fita takaba, dattawan Ngubane suka taru a ƙarƙashin kanju don a san wanda zai shiga ɗakinta cikin ƙannen mamacin, kamar yadda aka saba. Kowa ya san Mabandla za a ce. Saurayi ne dogo mai manyan kunnuwa, bai je Goli ba, shi ya gaji shingen kamun kifi na ubansu a cikin tafki. MaZikhali ba ta ƙi jininsa ba, wannan kam ko makaho ya sani. Abin da ya ɓata mata rai shi ne yadda aka yi ta magana a kanta tana zaune, har da lissafa ta tare da akuyoyin Falaza da kekensa. Da aka ce ta yi magana, sai ta ce ita ba fartanya ba ce da za a ce mai ita ya mutu, wane ɗauki. Za ta zauna ta reni 'yarta, ba ta son kowa. Mabandla ya yi dariya tare da masu dariya, amma kunnuwan nan sai da suka yi ja.

Bayan shekara ya yi aurensa a ƙetaren tafki. Ba a daɗe ba kuma sai ga shi a ƙofar gidanta, batta a hannu ɗaya, kifi a soke da zaren kaba a ɗayan.

Sai an san mu za a gane muhimmancin battar nan. Namijin da mace ta ƙi a gaban dattawa ba ya taka gidanta haka kawai. In ya je, gari zai ce yana bin abin da aka hana shi, ita kuma a ce ta ƙi da baki ta karɓa ta bayan ɗaki. Amma mai neman taba, mai neman taba ne. Ya ratsa gari da battarsa a hannu kowa yana gani, ya zauna tsakar gida a kan kututture, ba mai cewa uffan. Haka Mabandla ya riƙa zuwa duk bayan 'yan kwanaki, damina da rani, har 'ya'yansa suka girma, har matarsa ta rasu, har gashin kansa ya zube. Da zarar ya zauna kuma sai ya ajiye Zulancin da shi ma yake yi kamar sauran maza a bakin ƙofa tare da sandarsa, ya koma harshen uwarsa.

"Masu gida, ko an mutu ne?"

"Kai ake jira ka fara, tunda kai ne mai gaggawa."

"Matar Yaya, karɓi nan. Wannan sai da muka yi kokawa da shi kafin ya yarda."

"Wanne? Wannan? Ai na zaci ƙadangaru ka tsinto a hanya. Tsoho da kai ka je ka raba jarirai da uwarsu, ko kunya babu."

"To kawo in mayar mata."

"Ajiye nan, kada ka sa ni magana."

Sai ta zuba masa kaɗan a tafin hannu don ɗanɗano. Ya ɗiba da yatsa biyu, ya shaƙa, ya rufe ido, ya yi atishawar da kaji za su watse, hawaye na bin kumatunsa.

"Yau kam an cuce ni. Yashi kika niƙa mini."

"To hawayen fa na mene ne? Ko ka tuna ranar ƙarƙashin kanju ne?"

"Ranar da na tsira, kike nufi. Da yanzu ni ke shan wannan bakin safe da yamma."

Daga nan sai hira. Wa ya mutu, wa ya haihu, dorina ta shiga gonar wane, shingen wane ruwa ya kwashe. Rana ta karkata ya cika battarsa ya tafi. Bai taɓa yabon tabar ba, ita ma ba ta taɓa yabon kifin ba.

Da can ba shi kaɗai ba ne. Akwai lokacin da tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa, tsofaffi maza da mata a jere kowa da battarsa, ana atishawa ana musu. Sai suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, yadda tsofaffi ke raguwa. Na bayansu kuma ta kanti suke saya a ƙaramin gwangwani, mai warin magani, wai ta fi tsabta. Tholakele ta yi aure can birnin Thekwini, tana aiko da saƙo, tana kira a waya, uwar ta yi mata Tonganci ta amsa da Zulanci, ta ce Mama ki dawo wurina mana. MaZikhali ta je sau ɗaya, ta ga ɗaki a kan ɗaki, ba wanda ya gaishe ta a matakala, ta dawo. Daga ƙarshe ya zama a duk duniya mutum ɗaya ne ke tahowa takanas ya zauna a gidanta, ya ja ta da faɗa a harshen da take mafarki da shi. Ta san haka sarai, kuma a ganinta abin da ke kawo shi yana cikin tulun toka da ke ƙarƙashin gadonta.

A wata damina aka yi ruwa kamar ba za a daina ba, sannan iska ta taso daga teku. Inkalane jikinsa ba katako ba ne, soso ne mai riƙe ruwa, ga nauyi a ka, ga yashi ya jiƙe ya saki. Da aka sarara MaZikhali ta je kufai ta tarar da shi kwance, saiwa a sama, rassan sun farfashe. Ta tattara abin da za ta iya, amma ganyen duk ɗanye ne, ruwa kuma bai bar su sun bushe ba, suka ruɓe suka yi yauƙi. Ta sare reshe ɗaya mai lafiya, ta jingine shi a inuwa har bakin saran ya ƙafe, ta dasa a gefen ɗakinta. Zai kama, inkalane ba ya wuyar kamawa. Sai dai kafin ya girma har ya fara zubar da ganye da yawa, ana maganar shekaru ne, ita kuma ba ta da su a ajiye.

Tokar tulu ta yi ta ja da baya. Ta rage yawan da take sawa, ta daina shaƙar tata ma don ta isa. Da ta ƙare, ta ƙona totuwar masara ta gwada, ta zubar. Ta aika aka sayo mata tokar ƙaramar kabar giwa a kasuwar Manguzi, ta niƙa, ta ɗanɗana, ta san ba ita ba ce. Amma Mabandla ya riga ya yi sallama, sai ta zuba masa a hannu tana kallon wani wuri.

Ya shaƙa. Bai yi atishawa ba. Ya ɗan jira, ya goge hancinsa, ya ce, "Ta yi daɗi, matar Yaya."

Da zaginta ya yi da ta ji sauƙi. Mutumin da ya shekara arba'in yana ce mata yashi, yau da ta ba shi yashin gaske ya ce ta yi daɗi. Tausayinta yake ji ke nan, kamar yadda ake jin tausayin tsohuwar da ta sa gishiri sau biyu a miya. Hirar ranar ba ta yi tsawo ba. Bayan ya tafi ta kwashe sauran ta watsa a bola, ta zauna zuciyarta na tafasa, ita kanta ba ta san da wa take fushi ba.

Da ya sake zuwa, a bakin shinge ta tare shi, ba ta bari ya shigo ba.

"Babu taba, Mabandla."

Ya tsaya da kifinsa a hannu. "To ko irin ta rannan ce, ai ba laifi."

"Na ce babu. Itacen ya faɗi, ka gani da idonka. Ni ba na ba mutum abin da zai yi mini kara a kai. Kada ka riƙa wahalar da ƙafarka a banza, in an samu zan aiko."

Abin da take nufi, kada ka gan ni a wannan hali. Abin da ya ji kuwa, an sake korarsa, wannan karon ba ma a ƙarƙashin kanju ba, a bakin shinge kamar mai talla. Ya dubi battarsa, ya sa ta a aljihu. Ya rataye kifin a jikin shingen. Sannan ya yi mata sallama da Zulanci, cikin ladabi, irin wadda ake yi wa matar da aka haɗu da ita a layin asibiti, ya juya ya tafi.

Abin haushi ne, kuma duk wanda ya san su ya ji haushinsa. Mutum biyu, duk sun yi furfura, ba wanda ya rage a garin da ya tuna zaman ƙarƙashin kanju sai su kaɗai, amma aka rasa wanda zai ce zo mu sha inuwa ko ba taba. Shi yana ganin ba shi da hujjar zuwa, ita tana ganin ba ta da abin tarbarsa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ga shi kuwa kowannensu ya naɗa nasa ya zauna a gida.

Damina ta wuce. MaZikhali ta cire gyaɗarta, ta tone rogo, ta gyara jinkar ɗaki. Aiki bai gagare ta ba, yamma ce ke gagararta. In rana ta karkata sai ta tsinci kanta tana kallon hanyar tafki, ta yi tsaki, ta juya baya, can kuma ta sake juyowa. Takan yi wa kaji faɗa da Tonganci don dai ta ji harshen a kunnenta. Akwai lokacin da ta buɗe baki za ta amsa gaisuwar wata mai wucewa, muryar ta ƙi fita sai da ta yi gyaran murya, don ta kwana biyu ba ta yi magana da mutum ba. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ta kuma san ita ta jawo shi da bakinta. Kowace safiya takan duba reshen da ta dasa. Ya kama, ya yi kore, ganyensa tsaf, ko ɗaya ba shi da niyyar mutuwa.

Maƙwabciyarta mafi kusa MaNtuli ce, mace mai ƙiba mai yawan magana, sa'ar Tholakele, wadda ke leƙo ta in ta samu sarari. Ita ta kawo labarin da sanyi ya shigo.

"Kaka, kin ji ƙanin mijinki yana kwance? Ƙirji ne. An kai shi asibiti an dawo da shi. Na ga matar ɗansa Mbuso a kasuwa, ta ce ko kunu sai an matsa masa."

MaZikhali ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. "Shi da ke kwana cikin ruwa kamar kwaɗo, ai dole."

"Ki je ki duba shi mana."

"Da me?"

"Da ƙafarki, Kaka, da me kuma? Zumunta ai a ƙafa take."

"In shiga gidan Ngubane hannu na dukan cinya? Ni da na ce masa in an samu zan aiko? In je in ce masa me, ga ni na zo, ba a samu ba?"

"Haba Kaka! Mutumin da ke tari kamar zai amayar da huhunsa, taba zai shaƙa?"

"Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Miƙo mini kwandon can."

Washegari da sassafe ta ɗaure buhu a ƙugu, ta ƙulle gasasshen rogo da gyaɗa a gefen zane, ta ɗauki sanda. Sau ɗaya tak surukarta ta taɓa kai ta inda inkalane yake da yawa, tun tana amarya, can kan tuddan bakin teku bayan tafki na ƙarshe. A lokacin yini ɗaya suka yi, suna tafe tsohuwar tana faɗa.

A bakin tafki hanya ta rabu. Ta hagu ta zaga ta bi gefen ruwa, ba nisa, har ana hango kan itatuwan gidan Mabandla da hayaƙin murhunsu. Ta dama ta nufi teku. MaZikhali ta tsaya a wurin ta dogara sanda. Ta ga kanta ta shiga, an shimfiɗa mata tabarma, ya buɗe ido ya dubi hannunta, ya ce sannu da zuwa da Zulanci. Sai ta ga wata shigar kuma, ta ajiye masa batta a ƙirji ta ce tashi malalaci, ga yashinka. Ta biyun ta fi mata. Ta ce a ranta kwana biyu ai ba wani abu ba ne, mutumin nan taurin rai gare shi kamar kunkuru. Ta bi dama.

Yashi ba ya tausayin tsohuwar ƙafa. Ta yi tafiya, ta huta, ta yi tafiya, ta ƙetare fadama ruwa har gwiwa. Rana ta faɗi kafin ta kai wani gida kusa da tuddan, inda wata jikar ƙanwar uwarta ke aure, suka karɓe ta suna mamaki. Da safe ta shiga kurmi. Hawan tudun da hannu da gwiwa ta yi shi, tana kama saiwoyi, ƙarar teku na ƙaruwa a gabanta. Can sama, inda itatuwa suka ɗan buɗe, sai ga su. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, tsaye cikin sauran itatuwa, kawunansu sun fito rana, duk sun yi fure ruwan lemo, 'yan tsuntsaye masu dogon baki suna ta shawagi a kai. A ƙarƙashinsu kuwa busasshen ganye ne jibge, shekara da shekaru ba mai tsinta. Ta zauna a cikinsu ta ɗauki ɗaya ta karya, ya yi ƙas. Dariya ta kama ta ita kaɗai a daji, ta ce, "Mai kunnen kasko, za ka yi bayani."

Ta cika buhu ta sauko. Amma a gidan da ta sauka ƙafafun suka kumbura suka ƙi takuwa. Ta ce gobe, gobe ta zo ta ce jibi. Masu gidan suka yi ta gasa mata da ruwan zafi, suka hana ta motsi, ita kuma tana kwance buhun a ƙarƙashin kanta tana masifa. Sai da aka kusa mako kafin aka samu wata motar masu kifi da ta rage mata hanya.

Tun daga nesa ta hango MaNtuli zaune a ƙofar ɗakinta, a ƙasa, ba tabarma, kuma bakinta a rufe. MaNtuli ba ta taɓa ganin mutum daga nesa ta yi shiru ba. MaZikhali ta ƙaraso ta sauke buhun a hankali.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya, Kaka." MaNtuli ta share ido da bakin zane. "Sun aiko sau biyu. Lokacin aiken farko yana da sauran rai."

MaZikhali ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon kwanon, ta hura wuta, ta zazzage buhun. MaNtuli ta ce Kaka ki zauna ki sha ruwa, ta ce matsa mini daga iska. Ta ƙona ganyen har suka yi fari tas, ta tankaɗe, ta ciro tabar da ta fi kyau cikin wadda ta rataye a rufi, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta ta fara niƙa. Ta daɗe tana niƙa, fiye da yadda aikin ke buƙata. Da ta gama ta ɗibi kaɗan ta shaƙa, atishawa ta zo, hawaye suka biyo, daga nan kuma ba su tsaya ba. MaNtuli ta zauna kusa da ita har suka tsaya.

An binne Mabandla a gefen kurmi bayan gidansa, kusa da matarsa. Masu coci suka yi waƙoƙinsu suka ja gefe, sannan dangi suka matso don a yi na gida. A wajenmu ba a sallamar mamaci sai an zuba masa taba da ɗan bammi a ƙasa wajen kansa, a kira sunansa, a gaya masa abin da ya kamata ya sani, a roƙi waɗanda suka riga shi su karɓe shi. Amma jini ne kaɗai ke magana da jini. Matar da aka auro, ko ta haifi rabin gidan, bakinta ba ya isa wurin matattun gidan miji. MaZikhali ta fi kowa a wurin sanin mutumin da ke kwance, kuma ba ta da izinin ce masa ko sannu.

Mbuso, babban ɗansa, ya durƙusa, ya ciro ɗan gwangwanin kanti daga aljihu. Sai aka ga tsohuwa ta taso daga tabarmar mata tana dogara sanda, ta ratsa maza, ta miƙa masa batta. Ya buɗe ya kai hanci, ya ɗago ya dube ta. Ya san warin, da shi ya tashi a jikin rigar ubansa. Ya mayar da gwangwanin aljihu.

"Mama Babba," ya ce a hankali, "me zan ce masa?"

Tana da abin cewa, buhu guda. Tana so ta ce masa kifinsa ƙadangaru ne, ta ce ya yi gaggawa kamar kullum, ta ce wane irin sakarai ne za a ce masa kada ya zo kuma ya ƙi zuwa. Ba ko ɗaya a ciki da ɗa zai iya faɗa wa ubansa a gaban mutane. Jama'a suna jira, wani yana tari a baya.

"Ka ce masa an samu."

Mbuso ya ce, "Shi ke nan, Mama Babba?"

"Ka ce an samu. Ya zo."

Wani dattijo a gefe ya yi gyaran murya, ya sunkuyo ya ce wa Mbuso ba a kiran mamaci gida tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, sai shekara ta zagayo an yi abin da ake yi. Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani, ita ma ta sani. Mbuso ya dubi dattijon, ya dubi ƙafafun tsohuwar da suka kumbura har zanen bai rufe su ba. Ya juya ya zazzage tabar a kan yashi, ya kira sunan ubansa, ya faɗa masa kamar yadda ta ce, bai rage ba bai ƙara ba.

Ba ta tsaya cin abinci ba. MaNtuli ta biyo ta da sauri tana cewa Kaka gaggawar mece ce, ko nama ba a raba ba. Ta ce ta baro tsakar gida ba ta share ba.